Fenti a Kunnen Jirgin Kyaftin

Kwana bakwai ke nan jirgin Kyaftin yana ɗaure a bakin ruwa, kuma kwana bakwai ke nan ba a yi dariya a gidansa ba. Matarsa kuwa, wadda kowa a unguwa yake kira Rediyo, ba ta saba da gida shiru ba. Ba wai rediyo take sayarwa ba. Idan akuyar wani ta haihu da asuba a ƙarshen layi, kafin a sha shayi ta san 'ya'ya nawa ne, ta kuma san bunsurun wa za a tuhuma.

Abin da ya kwantar da jirgin nan bai fi murfin kwalba girma ba. Makanikai suna ce mata sansa. Aikinta ɗaya ne: a ɗaure ta a jikin inji, ta manna kunne tana sauraron cikinsa. Da ta ji wuta tana tashi ba a kan lokaci ba, ƙarfe ya fara ƙwanƙwasa, sai ta kai rahoto wurin ƙwaƙwalwar inji, ita kuma ta gyara kafin inji ya buga. Ranar da aka yi wa Rediyo wannan bayani cewa ta yi, "Ashe 'yar'uwata ce."

To, 'yar'uwar tata ta mutu. Ƙwaƙwalwa da ta daina samun labari sai ta tsorata, ta kunna jar fitila, ta riƙe ƙarfin inji. Jirgi yana tashi, amma tashin tsohon da ya sha zazzaɓi. Ba zai iya yanka ruwa da mutum talatin a bayansa ba.

Mai kayan gyaran jirgi ya ce sabuwa sai an yi oda, mako shida. Tasha kuma tana da dokarta: jirgin da ya yi kwana goma bai ƙetare da fasinja ba, gurbinsa ya zama na wani. Gurbin Kyaftin shi ne na gindin matakala, inda tsofaffi da masu kaya suke shiga ba su taka laka ba. Shekara ashirin da biyu yana ɗaure igiyarsa a wannan turke. Dogo, wanda nasa jirgin yake can ƙarshe cikin taɓo, ya fara zuwa kowace safiya yana tambayar lafiyar inji da murya mai tausayi, yana kuma auna faɗin wurin da ƙafarsa idan ya ga ba a kallonsa.

Rediyo tana da ƙane makanikin mota, ana ce masa Sifana. Ko ba a faɗa ba, ka san can ya kamata a fara zuwa. Amma akwai tsohon ciwo. Shekara goma sha biyar da suka wuce Sifana ya taɓa sa wa jirgin famfon mota. Wata uku ruwa ya cinye shi, ya mutu a tsakiyar kogi da fasinja ashirin, awaki shida da keken ɗinki. Dogo ne ya jawo su da igiya, yana ɗaga wa mutanen gaɓa hannu. Tun ranar Kyaftin ya yanke hukunci: kayan mota ba za su ƙara hawa jirginsa ba, makanikin mota ma haka. A gida suna gaisawa, suna cin abinci kwano ɗaya. A bakin ruwa kuwa iyakar Sifana matakalar sama.

Da hantsin rana ta bakwai Rediyo ta ɗauke matacciyar sansar daga kan taga, ta ƙulle a bakin zane, ta nufi gareji. Ta sami ƙanen a ƙarƙashin mota, ƙafafu kawai a waje. Ta tsokani tafin ƙafarsa da tsinin lemarta.

"Fito, Auta."

"Yaya, gemuna ya fara fari, 'ya'yana huɗu. A gaban mutane ki riƙa ce mini Sifana mana."

"A bayan nan nawa ka yi fitsari. Fito."

Ya fito. Ya goge sansar da tsumma, ya ɗaga ta a haske ya karanta lambar da ke jikinta, sai ya fara dariya. Ya shiga shago ya buɗe wata durowa, ya dawo da wata ya jera su a tafin hannunsa.

"Kin gani? Uwa ɗaya uba ɗaya. Lamba ɗaya, baki ɗaya. Wannan aka tura ta mota, waccan aka tura ta ruwa. Bambancin, ta jirgi an lulluɓe mata bakin waya da roba saboda danshi, kuma wannan ma ana iya yi mata dabara."

"Ba irin dabarar famfo ba?"

"Haba Yaya, shekara goma sha biyar! Famfo ruwa yake sha, laifina ne, na ɗauka. Wannan ba ta shan ruwa, ba ta ɗaukar mai, ba ta fitar da wuta. Ji kawai take yi."

"To ba ni."

"Kyaftin ya yarda?"

"Wa ya ce za a tambaye shi?"

Sifana ya miƙa mata yana girgiza kai. "To saurara da kyau. Wurin ɗaure ta akwai abu biyu. Na farko, gindinta dole ne ya..."

A daidai nan wasu mata biyu suka fara sa-in-sa a ƙofar gareji, ɗaya tana cewa a maimaita abin da aka faɗa a kan mijinta idan an isa. Rediyo ta ce, "To, to, na ji," ƙafarta kuma ta riga ta yi waje. Ta dawo gida da sansa da cikakken labarin mijin matar nan, har da sunan unguwar da yake zuwa. Abu biyun kuwa ko ɗaya ba ta ɗauko ba.

Kyaftin mutum ne da ba ya yar da kwali. Duk abin da ya taɓa saya wa jirgi, kwalinsa yana kan kabad a jere. Washegari da safe ta taka kujera ta zaɓo ƙarami mai hoton jirgi, ta hure ƙura, ta sa sansar a ciki, ta ajiye kusa da kofin shayinsa.

"Mai kaya ya aiko. Wai ta iso da wuri."

Tana faɗa ta juya ta shige kicin, ta matse leɓe kamar mai riƙe da ruwan zafi a baki. Kyaftin ya buɗe kwali. Ya dubi abin, ya juya shi, ya dubi cikin murfin kwalin, ya daɗe yana duba.

"Hm," ya ce. Ya tashi ya ɗauko gwangwanin fenti.

Wanda bai san Kyaftin ba zai yi mamaki. Shi a wurinsa ruwa ba ya cin abin da ya sa riga, don haka babu abin da zai hau jirginsa tsirara. Bokiti shuɗi, igiyar bokiti shuɗiya, kujerar zama, makullin akwatin kaya, har cokalin da yake juya shayi, rabinsa shuɗi ne. An taɓa ganin kyanwar gidan mako guda tana yawo da shuɗiyar wutsiya. Ya zauna a tsakar gida ya shafe sansar sama da ƙasa, ya shanya a taga. Da ta sha iska ya ƙara mata shafi na biyu. Sannan ya ɗauki gwangwani ya tafi bakin ruwa, ya shafe mazauninta a jikin inji, don kada baƙuwa ta zo ta tarar da ɗaki ba shara.

Ita kuwa Rediyo tana cikin azaba. Ka ba ta labarin wani ta riƙe, wannan da sauƙi, za ta iya kai shi azahar. Amma nata, wanda ta ƙulla da hannunta, kuma mai daɗi haka? Ta yi shara, ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Daga ƙarshe ta ɗauki kwando ta ce za ta sayo kifi.

"Ƙawata," ta ce wa Mai Kifi, "zan gaya miki magana, amma ki rantse a nan za ta mutu."

"Ni da ke? Kabari ce ni."

Kafin la'asar matar mai wanki ta tare Rediyo a hanya, ta ja ta gefe. "Kin ji abin da ake faɗa? Wai an sa wa jirgin mijinki kayan tifa, shi bai sani ba. Amma kada ki ce ni na faɗa."

"Tifa kuma? Ƙaramar mota ce!" in ji Rediyo, sannan ta toshe bakinta da hannu.

Rana ta tara Kyaftin ya ɗaure sansar, ya zura bututun ƙarfe a hannun sifanarsa ya ƙara mata ɗauri, kamar yadda yake yi wa kowane noti. Ya tayar da inji. Jar fitila ta buɗe ido ta dube shi, ba ta ko ƙifta ba. Ya kashe ya sake tayarwa. Tana nan.

Da ya dawo gida bai yi faɗa ba, bai yi tsaki ba. Ya cire farar hularsa ta aiki ya rataya a ƙusa, ya zauna yana kallon hannuwansa.

"Gobe da kaina zan kwance igiya in matsa wa Dogo," ya ce. "Ba zan tsaya a zo a ce mini in tashi ba."

Da ya yi faɗa, da Rediyo ta san inda za ta kama. Wannan muryar kuwa rabonta da jin ta tun rasuwar mahaifiyarsa. Ta yafa mayafi ta koma gareji, ko lema ba ta ɗauka ba.

"Kayanka na banza ne, Auta. Ka sake kashe mu."

"Ba zai yiwu ba. Sabuwa ce dal. Gaya mini yadda aka yi."

Da wata ce, da ta ce an sa bai yi ba, shi ke nan. Amma Rediyo ba ta iya ba da labari a gutsure ba. Ta fara daga kujerar da ta taka, da ƙurar da ta shiga mata hanci, da shayin da ya huce, da yadda ya ce hm, da gwangwanin da murfinsa ya ƙi buɗuwa sai da ya sa cokali.

"Wane gwangwani?"

"Na fenti mana. Shafi biyu ya yi mata, ta yi kyau abinta, ya shanya a..."

"Har gindin?"

"Har gindin. Har inda za ta zauna ma ya je ya shafe."

Sifana ya zauna a kan tsohuwar taya ya dafe kai da hannu biyu. "Abin da nake gaya miki ke nan kika bi matan nan. Yaya, in tambaye ki. Idan kika sa kunne a bango za ki ji abin da maƙwabta suke cewa, kina sa matashin kai a tsakani?"

"Allah ya kiyaye! Ɗankwali ma zame shi nake yi."

"To mijinki matashi uku ya sa mata. Ƙarfe da ƙarfe take so, tsirara. Na biyu kuma ɗauri. Da bututu ya ɗaure, ko?"

"Da bututu."

"Na sani. Ita ba a shaƙe ta, da awo ake ɗaure ta. In bai fasa ta ba, za ta tashi. Amma sai na je da kaina."

"Ba zai bar ka ka hau ba."

"Sai ki gaya masa gaskiya."

Rediyo ta juya ta kama hanyar gida. Shekara talatin tana kwashe asirin mutane tana rabawa kyauta, yau an ce ta kai nata da ƙafarta.

Safiyar rana ta goma tasha ta cika kamar ana rabon kyauta. Masu kifi sun bar tebur, mai wanki ya zo da matarsa, mai aski ya zo da mutumin da ya yi wa rabin kai. Kowa ya ji cewa akwai kayan tifa a cikin jirgin Kyaftin, wasu ma sun ji na tarakta, kuma kowa yana son ganin fuskarsa idan ya sani. Shugaban tasha yana zaune a bencinsa yana kallon agogo. Dogo ya sa sabuwar riga.

Sifana ya tsaya a matakalar sama da akwatin kayan aikinsa. Rediyo ta sauka ita kaɗai, ta shiga jirgi, ta leƙa ramin inji. Kyaftin yana tsugune yana naɗe waya.

"Baban yara, akwai magana."

"Ina ji."

"Abin nan... ba mai kaya ne ya aiko ba."

"Na sani."

"Na mota ne. Wurin Auta na... Me ka ce?"

"Na ce na sani." Bai ko ɗago ba. "Kwalin da kika ɗauko na fitilar gaba ne, da rubutuna a cikin murfin. Ban da haka ma, shekara talatin ba ki taɓa miƙo mini ko allura ba sai da labarin wanda ya sayar da ita da abin da ke tsakaninsa da surukarsa. Ranar nan kika ajiye kika gudu. Ko yaro ai ya gane."

"Ka sani, kuma ka sa?"

"Gurbina ne, mace. Da me zan riƙe shi, da rantsuwa?" Ya yi ƙasa da murya. "Shi ya sa na yi mata shafi biyu. Ɗaya don ruwa. Ɗaya don kada 'yan tashar nan su gane ta mota ce."

Rediyo ta waiwaya ta dubi gaɓa, inda mutum sama da hamsin suke miƙa wuya. Ta ga wannan ba lokacin wannan bayanin ba ne.

"To fentin ne ya toshe mata kunne," ta ce. "Auta ya ce ƙarfe da ƙarfe take so. Ga shi can sama."

Kyaftin ya dubi shuɗiyar sansar, ya dubi jar fitila. Ya miƙe a hankali, ya fito da kansa daga rami.

"Kai, mai kashe famfo! Sauko."

"Yaya Kyaftin, dokar fa?"

"Ni na kafa ta. Sauko kafin in tuna."

Nan aka ga abin da ba a taɓa sani ba. Sifana, wanda yake kwanciya ƙarƙashin babbar mota yana waƙa, ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, jirgi ya ɗan motsa, sai ya rungume turke. Ashe shekara goma sha biyar ɗin nan dokar ba ƙaramin daɗi ta yi masa ba. Sai da aka sa masa rigar ceto, aka ɗaure igiyoyinta duka, sannan ya rarrafa ya shiga.

A ramin inji kuwa ya koma mutum. Ya kwance sansar da ƙyar, yana cewa wanda ya ɗaure ta Allah ya shirye shi. Ya duba, ba ta fashe ba. Ya miƙa wa Kyaftin samfefa, takardar gurzar ƙarfe.

"Kai ka shafa, kai za ka kankare."

Kyaftin ya kankare fentinsa da hannunsa, gindin sansa da mazauninta, yana yi kamar mai aske gashin ɗansa, har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. Sifana ya ciro wata sifana mai awo, ya juya a hankali. Ta yi ƙas. Ya tsaya.

"Shi ke nan? Ƙara mata kaɗan mana."

"Ajiye bututun nan, Yaya Kyaftin."

Da aka zo bakin waya sai Sifana ya tsaya yana sosa ƙeya. Kyaftin ya ture shi gefe. "Matsa. Nan kuma ruwa ne, ba titi ba." Ya cika soket da giris, ya zura masa guntun roba, ya ɗaure, ya ɗaga wayar sama inda ruwan ƙasan jirgi ba ya kaiwa. Sifana ya kalla ya ce da famfon nan ya sami irin wannan gata, da yanzu yana da jikoki.

Aka tayar da inji. Jar fitila ta kama, ta yi jim, ta mutu. Rediyo ta buɗe baki za ta sanar da duniya, Sifana ya ɗaga hannu.

"Tukuna. A tsaye kowane inji malami ne. Sai ya ɗauki nauyi ya fuskanci ruwa sannan za a san tana ji ko ba ta ji."

"Kuma ni fasinja na sani," in ji shugaban tasha daga bencinsa. "Doka ba ta ce a tayar da inji ba, ta ce a ƙetare."

Fasinjan safe duk sun bi wasu jiragen. Kyaftin ya dubi kujerunsa, babu kowa. Rediyo ta gyara ɗaurin zane, ta hau bakin jirgi.

"Jama'a! Wanda yake son ya ji ko na tifa ne ko na tarakta, da wanda ya kawo shi, da abin da Kyaftin ya ce da ya sani, da abin da matan nan biyu suka yi a ƙofar gareji, ya shigo. A tsakiyar ruwa zan faɗa, kuma sau ɗaya zan faɗa."

Har turereniya aka yi. Mai rabin aski ya samu kujerar gaba. Shugaban tasha ya ƙirga talatin ya tare hanya, sannan ya duba hagu da dama ya shiga shi ma, wai don ya shaida. Na talatin ɗin kuwa Dogo ne. Ya ce shi so yake ya kasance kusa idan za a nemi mai ja.

Jirgi ya bar turke. Da ya kai inda ruwa yake da ƙarfi Kyaftin ya tura masa wuta. Inji ya yi gyaran murya, ya ɗaga hanci, ya yanka ruwa kamar bai taɓa ciwo ba. Idon Kyaftin yana kan fitila, fitila kuma tana barcinta. A baya Rediyo ta cika alkawari, har da ƙari. Wurin kwali ta ce dama ta san zai gane, gwada shi take yi.

Da gaɓar can ta matso, Kyaftin ya miƙa wa Dogo hannu. "Kuɗin jirgi, maƙwabci. Zuwa da dawowa."

Sannan ya sunkuya wurin surukinsa, wanda yake zaune a ƙasa rungume da ƙafar kujera, ido a rufe.

"Sifana. Sansar nan, bayanta fa? Inda ba ya taɓa ƙarfe. Shafi ɗaya kawai."

"Shafa," in ji Sifana bai buɗe ido ba. "Ka shafe ni ma in kana so, ni dai ka sauke ni."

Kyaftin ya gyara zaman hularsa, ya juyo wurin matarsa. "Ke kuma, maganar shafi na biyun nan, da dalilinsa. Wannan tsakaninmu ne."

"Daga bakina? Haba Baban yara."

Ta riga ta hango matar mai shayi a gaɓa tana ɗauraye kofuna, baiwar Allah ba ta san komai ba tun daga farko. Ba a gama ɗaure igiya ba Rediyo ta sauka.